Wa Ke Riƙe Da Fayil Ɗin Gwaggo?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai a yi mini afuwa. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma wani littafi da na gama karantawa a makon jiya ne ya sake tayar mini da shi.

A cikin littafin, kamar yadda aka saba, rikicin gado ya kai 'yan gida ɗaya gaban shari'a. Marubuciyar ta yi ƙoƙari ƙwarai, ta kwatanta alƙali da gilashinsa, ta kwatanta lauya da baƙar rigarsa yana zuba Turanci, jarumar tana sharar hawaye, mugun baffa yana zare ido. Shafi uku kacal aka yanke hukunci, gaskiya ta yi halinta, kowa ya watse. Na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai, har maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya. Abin da ya ba ni dariya shi ne, a duk littattafan Hausa da na karanta tun ina ɗan sakandare, ban tuna wanda ya tsaya ya dubi mutumin nan da ke zaune a ƙasan kujerar alƙali, tulin fayil a gabansa, biro a bayan kunne ba. Shi ne akawun kotu, wasu su ce magatakarda, wasu su ce malamin kotu. A littafi ba ya ko tari. A zahiri kuwa, duk wanda ya taɓa kai ƙara ya san sai ya ga wannan bawan Allah sau goma kafin ya ga alƙali sau ɗaya.

Ni a Rafin Guza nake zaune, kuma abin da zan faɗa a kan gwaggona ya faru. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya taɓa shiga matsi ya jinginar da wani fili nasa ga wani maƙwabci, aka yi a gaban shaidu cewa ranar da ya mayar da kuɗi fili ya dawo. Bai kai ga biya ba rai ya yi halinsa. Da 'ya'yansa suka haɗa kuɗin suka kai, sai mutumin nan ya ce shi bai san zancen jingina ba, saye ya yi. Aka je kotu. Ba zan faɗi wace kotu ba ce, domin ba tonon silili na zo yi ba. Shaidu biyu da suka rage a raye suka yi bayani da Hausa, aka rubuta da Hausa, alƙali ya ba gwaggo da marayunta gaskiya. Muka dawo gida ana ta barka.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Mutumin ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ake aiki da Turanci, don haka dole a tattara duk abin da aka yi a ƙasa, a buga shi, a fassara, a tura sama. Wata goma sha huɗu muna zarya a kan wannan kaɗai. Ni ne ɗan rakiya, saboda ni ne wai ɗan boko a gidan. Mu fito da sassafe mu hau Keke Napep zuwa Kawo, daga nan mu shiga motar cikin gari, mu je mu zauna a benci. Yau a ce mai buga takardu bai zo ba, gobe a ce babu wuta, jibi a ce wanda ke riƙe da makullin kabad an yi masa rasuwa. Sau biyu aka ce mana fayil ɗin "bai ganu ba". Da takardun suka fito daga ƙarshe, lauyan da ke taimaka mana ya karanta, sai ya kira ni ya nuna mini wani layi da yatsa. A inda shaida ya ce jingina, wanda ya fassara ya sa kalmar da ke nufin sayarwa. Kalma ɗaya tak, kuma a kanta duk shari'ar ta rataya.

Har yau ban sani ba ko ganganci ne ko jahilci, kuma ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Amma ko wanne ne daga ciki, sakamakon ɗaya ne ga marayu. Alƙalan kotun sama ba su ga shaidun nan ba, ba su ji muryarsu ba, ɗaya daga cikinsu ma ya rasu kafin lokacin. Takarda kawai za su duba. Abin da ke cikin takarda kuwa ta hannun ma'aikacin rajista ya biyo.

Wanda ya cece mu shi ma akawu ne, wannan ya sa na ce ba zagi na zo yi ba. Wani dattijo ne da ya kusa ritaya, mai ɗan farin gemu, wanda kullum muke wucewa ta gabansa ba mu ko kula shi sosai. Da ya ji abin da ake ciki, ya tashi ya shiga ɗakin ajiya mai ƙura, ya fi awa ɗaya, ya fito da ainihin littafin da aka rubuta zaman kotun a ciki, ya buɗe shafin. Ga jingina nan ɓaro-ɓaro har wuri uku. Gwaggo ta kwance bakin zanenta za ta ba shi na goro, ya ce, "Haba Hajiya, mayar da kuɗinki, ai aikina ke nan." Ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da sharrin zamani." Ni kuwa kunya ce ta kama ni, don a raina na riga na yi wa duk ma'aikatan wurin kuɗin goro.

To, menene ainihin aikin waɗannan mutane? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka akawu mai kiran suna ne kawai, ya miƙe ya ce wane da wane su fito. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. A rajista ake karɓar ƙara, a kimanta kuɗin da za a biya, a ba da rasit, a ba ƙarar lamba, a buɗe mata fayil. A nan ake rubuta sammaci a miƙa wa mai kai sammaci, shi kuma ya dawo da shaidar cewa ya kai. A nan ake tsara jerin shari'un da za a saurara kowace rana, wato su ne suka san wa zai shiga yau, wa zai jira wata mai zuwa. Su ke rantsar da shaidu, su ke ajiye kayan shaida, tun daga takardar fili har wuƙar da aka kama a hannun wanda ake tuhuma. Takardar rantsuwa da kake zuwa yi idan ka ɓatar da katin shaida ko za ka gyara shekarun haihuwa, ma'aikacin rajista ne da aka ba ikon rantsarwa yake sa mata hannu. A kotunan majistare da yawa kuma, akawun nan dai shi ne tafinta, shi ke juya Turancin mai gabatar da ƙara zuwa Hausa, ya juya Hausar wanda ake tuhuma zuwa Turanci.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon doka. Batun sammaci kaɗai ya isa misali. Tun a 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa idan ba a isar wa mutum da takardar da doka ta ce a isar masa ba, duk abin da aka yi a bayansa rusasshe ne. Ka ga ke nan ɗan aike ɗaya da ya yi ƙyuya ya zauna a gindin bishiya ya rubuta "na kai", zai iya rushe aikin shekara biyar na alƙali da lauyoyi. Tsarin Mulkin 1999 kuma, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, kuma dole kotu ta ajiye rubutaccen bayanin zamanta. Sashe na 294 ya ce a ba masu shari'a kwafin hukunci cikin kwana bakwai da yanke shi. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya sun ba rajistaran kotun ƙasa kwana 60 ya tattara takardu ya tura sama. Duk waɗannan alkawura ne da doka ta yi wa talaka, amma ba alƙali ne zai zauna ya buga kwafin ba, ba shi ne zai tsaya ya yi tafinta ba.

Wanda ke shakka ya tuna 2021. Ranar 6 ga Afrilu ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta ƙasa, JUSUN, ta shiga yajin aiki a kan neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye, ta garƙame ƙofofin kotuna a duk faɗin Nijeriya sama da wata biyu. Alƙalai suna nan da ransu da lafiyarsu, lauyoyi suna nan, amma ko shari'ar satar akuya ba a iya yi ba. Mutanen da ke tsare suna jiran beli suka ci gaba da zama a inda suke.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ba baƙin wannan aiki ba ne da za a ce ba mu san darajarsa ba. Malaman Malikiyya da alƙalanmu suka karanta tun kafin zuwan Turawa, irin su mai Muhtasar, sun sharɗanta cewa magatakardan alƙali ya zama adali, wato mutumin da za a karɓi shaidarsa, ba duk wanda ya iya riƙe alƙalami ba. A kotunan alƙalai na zamanin En'e akwai muhuti da ke zama kusa da alƙali yana taimaka masa, kuma da yawa daga nan suka hau kujerar alƙalanci. Akwai wani abin sha'awa ga ma'abota karatu irinku. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya fitar da littafi a 1994 mai suna Thus Ruled Emir Abbas, inda ya fassara shari'un da aka yi a majalisar Sarkin Kano Abbas a 1913 da 1914. Daga ina ya samo su? Daga rubutun Larabci na magatakardan fada, waɗanda suka zauna suka rubuta wa ya kawo ƙara, me ya ce, me aka yanke. Fiye da shekara ɗari ke nan, ga rikicin gona da na gado na talakawan Kano ana karantawa har a jami'o'in ƙasashen waje. Mu kuwa, da kwamfuta da komai, fayil ɗin shekara biyu ne yake ɓata.

Hatta Turawan mulki da gwamnatin Jihar Arewa ba su yi wasa da horar da akawu ba. Cibiyar nan ta Kongo a Zariya, inda tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello take, asalinta makarantar horar da akawuna ce da aka buɗe a 1947, kafin ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954. Lokacin da za a fara aiki da kundin Final Kod a 1960, can aka riƙa kai alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e ana yi musu kwas. Daga baya aka karɓe kotunan daga hannun En'e a 1968 suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Mu nan Kaduna kuma, bayan rikicin shari'a na 2000, gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta sauya tsarin a 2001, aka maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada, ga kuma na majistare. Ma'ana ma'aikacin rajista a jiharmu yana iya samun kansa a cikin ɗayan tsari uku, kowanne da dokarsa da harshensa.

Yanzu mu zo kan cancanta, wadda ita ce zuciyar maganata. A takarda abin a tsare yake. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce Tsarin Mulki ya ba ikon ɗauka da ladabtarwa da korar ma'aikatan kotu, tun daga babban rajistara har ƙasa. Babban Jojin jiha ne shugabanta, a ciki akwai Antoni Janar da Girandi Ƙadi da shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada, da lauyoyi biyu da suka shekara goma a aiki, da wasu mutum biyu masu mutunci waɗanda ba lauyoyi ba. Bisa al'ada, takardar gama sakandare ke shigar da mutum matakin akawu, difloma a fannin shari'a, irin wadda ake yi a kwalejin Aminu Kano da ke Kano, ita ke ɗora shi a layin rajistara, can ƙololuwa kuma babban rajistaran Babbar Kotu lauya ne. Ban ce a soke ko ɗaya ba.

Abin da nake cewa shi ne takardar makaranta ba ta auna abin da aikin nan ya fi buƙata. Ɗauki harshe. Yaro ya ci Turanci a jarrabawar WAEC, madalla, amma wa ya gwada shi a kan bambancin aro da rance da bashi da jingina da riƙo? Bahaushe ya ce "na ba shi gonar riƙo", wani ya ce "aro na ba shi", wani ya ce "kyauta ce", kowanne hukuncinsa daban. Turanci yana da kalma ɗaya da ke haɗe baffa da kawu, alhali a rabon gado na Malikiyya ɗan'uwan uba yana iya ci a matsayin asaba, ɗan'uwan uwa kuwa ba ya cikin magada. Idan Bahaushe ya ce "ɗan'uwana ne", yana iya nufin uwa ɗaya uba ɗaya, yana iya nufin ɗan baffansa, yana iya nufin garinsu ɗaya kawai. Mafi haɗari ita ce "na ji". An karanta wa mutum tuhuma, an ce ka ji? Ya ce na ji. Shi yana nufin maganar ta shiga kunnensa. Tafinta marar lura sai ya juya ta ta zama ya amince. Sannan kada mu manta Kaduna ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Bagwari ko Bajju ko Bafulatanin da ke magana da Hausar kasuwa, ita ma Hausar tasa sai an saurare ta da kunnen basira.

Don haka a ra'ayina, duk wanda za a ɗauka aikin rajista a zaunar da shi a yi masa jarrabawa ta zahiri. A kunna masa maganar wata tsohuwa tana ba da labarin rikicin fili na minti biyar, a ce ya rubuta da Hausa, sannan ya juya zuwa Turanci. A ba shi fayil goma a hargitse a ce ya tsara. A gwada shi a kan kwamfuta. Wanda zai yi aiki a kotun Musulunci a tabbatar ya san kalmomin fiƙihu da ake amfani da su kullum. Tafinta kuma ya zama aiki ne mai zaman kansa da horonsa da matakin albashinsa, a daina jan duk wanda ke kusa a ce zo ka fassara. Muna da sassan koyar da Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato da nan Jami'ar Jihar Kaduna, suna yaye ɗalibai kowace shekara suna yawo da takardu babu aiki. Akwai Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a Abuja tun 1991, tana shirya wa ma'aikatan kotu bita, amma akawun ƙaramar kotu da ke bakin kasuwa yaushe layi zai zo kansa? Horon ya kamata ya sauko jiha.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kana ta maganar jarrabawa, alhali kowa ya san yadda ake samun aikin gwamnati, sai kana da wani a sama. Gaskiya ne, kuma mu ne masu kai sunayen. Mu ne za mu je gidan wani babba mu durƙusa mu ce, "Ranka ya daɗe, ga yaron nan ya gama sakandare yana zaman banza, ko akawun kotu ne a samar masa." Ku lura da "ko" ɗin nan. Ba za mu ce ko direban jirgin sama ne ba, ba za mu ce ko mai ba da magani a asibiti ba, don mun san a nan kuskure kisa ne. Amma mun ɗauka rajistar kotu wurin ajiye wanda ya rasa abin yi ne.

Wani kuma zai ce albashin ne bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake karɓar na goro. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma ƙaramin akawu ba shi da nisa da nan, ga shi takardun filin miliyoyin naira suna ratsawa ta hannunsa. Wanda ya ɗora kura gadin awaki bai ciyar da ita ba, shi ma a tambaye shi. Sau da yawa ma takardar bugawa da tawada babu, sai mai ƙara ya saya, daga nan kuma iyaka tsakanin kuɗin aiki da cin hanci take ɓacewa. Amma dattijon da ya cece mu albashinsa ɗaya da na sauran, shi ya sa ban yarda talauci ya wanke kowa ba. A gyara albashi, a kuma liƙa jerin kuɗin kowane aiki a bangon kowace rajista da Hausa da Turanci, har da ajami don irin su gwaggo, ta yadda mutum zai san nawa ne kuɗin sammaci kafin ya buɗe baki. Duk abin da aka biya a ba da rasit. Fayil kuma duk hannun da ya shiga a rubuta suna da rana, don ranar da aka ce bai ganu ba a san wa za a tambaya.

Ku kuma 'yan'uwana marubuta, musamman mata da kuka fi mu yawa kuma kuka fi mu masu karatu, ga fili nan a buɗe. Kun rubuta likita, kun rubuta soja, kun rubuta ɗan kasuwa mai zuwa Dubai har mun haddace kalar motarsa. Ku je ku zauna a bencin wata kotu kwana uku kawai ku kalli abin da ke gudana a tagar rajista: matar da ta zo karɓar kuɗin ciyarwa da tsohon mijinta ya ajiye, dattijon da ya zo da takardar fili a cikin leda, yaron da ke neman belin yayansa, da mutumin da ke bayan teburi wanda kowannensu ke kallon fuskarsa. Yarinyar da ta karanta littafinku a Rigasa ko Tudun Wada, ranar da ƙaddara ta kai ta wurin, aƙalla za ta san ana neman rasit, za ta san tana da haƙƙin karɓar kwafin hukunci, za ta san ta sa a karanta mata abin da aka rubuta da sunanta kafin ta dangwala hannu.

Shari'ar gwaggo dai an gyara fassarar, kotun sama ta bar hukuncin farko yadda yake, yaran sun kewaye filinsu da bulo layi huɗu. Dattijon nan na ji ya yi ritaya, ban ma samu na yi masa sallama ba. Gwaggo ta sa na yi mata hoton shafin nan mai jingina har kwafi uku. Da yake unguwarmu ba ta da nisa da kogi kuma mun sha ganin ambaliya, ɗaya na cikin kwalla a saman durowarta an naɗe da leda, ɗaya na wurina, na ukun ta aika wa ƙanwarta a Zariya.